Abarshi a Motar Yashi

Abarshi ya cika da asuba, a tsakiyar bazara, a gidansa na Sabon Gari. Kafin hantsi ya ɗaga, babbar 'yarsa Liya ta gane cewa mutum yana iya mutuwa ya bar motoci shida, a rasa wadda za ta kai shi kabarinsa.

Abu ɗaya tsohon ya roƙa tun da ciwo ya kwantar da shi. Ya ce kada a binne shi a birni cikin baƙi, a mayar da shi Tudun Kanya, ƙauyensu da ke can gaban Samaru kafin a kai Shika, a kwantar da shi kusa da ubansa. 'Ya'yansa sun shiga coci tun suna yara, shi kuwa bai bi su ba, ya tsaya kan abin da ya taras iyayensa suna yi, kuma ya fi son hannun mutanensa ya rufe shi. Liya ce ta riƙe hannunsa ta ce za a yi. Tun gari bai gama wayewa ba ta tashi mai keke zuwa ƙauye a fara haƙa, ita da tsofaffin unguwa suka shirya gawar, aka naɗe ta da farin saƙi aka sa a tabarma. Saura mota. A irin wannan zafi gawa ba ta jiran kowa, in ba a binne ta a ranar ba, to an ci mutuncinta.

Wa zai ce mota za ta zama abin nema a gidan Abarshi? Mutumin da ya shigo Sabon Gari da ɗan wando guda, ya yi ta turin kura daga tashar jirgi zuwa kasuwa har kafaɗunsa suka yi kanta. Bayan yaƙi ya sayi wata tsohuwar motar soja da kowa ya yi wa dariya, ya kai wa kafinta ya ɗora mata bodin katako, ya sa mata suna Doguwa. Da ita ya ja gyaɗa, ya ja auduga, ya kwashi 'yan kasuwa da kajinsu da awakinsu. Liya ta san wannan mota kamar yadda ta san tafin hannunta, don ita ce take tashi ta ɗebo ruwan da za a zuba mata, ita take dafa wa masu lodi tuwo, ita take wanke buhunan da man gyaɗa ya ɓata. Doguwa ta haifi ta biyu, ta biyu ta haifi ta uku. Da aka fara manyan gine-gine a Samaru, Abarshi ya samu aikin jan yashi, daga nan kuwa abin ya buɗe. Har ofis aka yi a ƙofar gida, mai tebur da kujera, aka zaunar da ƙanen Liya, Albarka, wanda shi ne ya yi makaranta.

Can ta same shi, yana zaune ya tasa tebur a gaba, idonsa ja. Mijinta Dogo, wanda shi ne direban farko da Abarshi ya ɗauka, yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hula a hannu.

"Albarka, wace mota za a fitar? Rana na yi."

"Yaya, zauna tukuna."

"Ban zo zama ba. Wace?"

Sai ya fara lissafa mata su, kamar ita baƙuwa ce a gidan. Doguwa tana kan duwatsu a bayan gida, an cire mata inji tun bara. Biyu suna hanya, ba a san ranar dawowarsu ba. Ɗaya ta fita da 'yan kasuwa tun jiya. Liya ta bar shi ya gama, sannan ta nuna tsakar gareji da baki, inda sabuwar mota take tsaye, koriya shar, fentinta bai gama bushewa ba.

"Waccan fa? Ko ita ma tana hanya?"

Albarka ya sunkuyar da kai. Ya ce ai ta san halin tasha. Motar da ta ɗauki gawa sai an ɗaura mata ɗanyen ganye gaba da baya, kowa ya gani ya kauce, kuma daga ranar masu kayan abinci sun yi hannun riga da ita. Ya riga ya yi magana da Iya Bukola, shugabar mata masu albasa da tattasai, cewa sabuwar tasu ce duk wannan shekara. In suka ji cewa gawa ta fara ɗauka, ko kyauta aka ba su ba za su hau ba.

"Gawa," in ji Liya. "Gawan wa? Faɗi sunanshi in ji."

"Yaya, ni ma ubana ne."

"To wa ya sayi motan? Iya Bukola?"

"Ki fahimce ni. Baba ya tafi, amma gidan nan bai tafi ba. Bakuna nawa ke ci a nan? In na ɓata sabuwar mota yau, gobe ke za ki fara zagina."

Ta juya ga mijinta ko zai ce wani abu. Dogo ya dubi rufin ofis kamar yau ya fara ganinsa. Mutum ne mai tsawo da ƙarfi, yana iya ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, amma in aka zo wajen magana gaban mai tebur sai ya koma kamar jiƙaƙƙen buhu. Ranta ya ƙara ɓaci.

Ashe Albarka ya riga ya gama shirinsa. Akwai motar yashi, ta shida, tana nan a lungu. An yi mata lodi a rafi tun jiya da yamma, yau za ta kai Samaru. Yashi ba ya ƙyamar kowa. A ɗora Baba a sama, a rufa tamfol, kada a ɗaura ganye, a fita ta layin baya. A Samaru a tsaya kaɗan a sauke yashin, sai a wuce ƙauye. Shi kuma zai biyo baya in ya gama sallamar mutane.

Liya ta tsaya tana kallonsa. Da farko ta zaci bai san abin da ya faɗa ba, sai ta ga a'a, ya sani, har ma yana ganin ya yi dabara.

"A zubar da yashin a nan," ta ce. "A wanke motan. Wannan kaɗai na roƙe ka."

"A zubar da lodi guda a tsakar gida, a tafi Samaru wayam, alhali can za a bi? Yaya, ke kin fi ni sanin dokan Baba. Mota ba ta tafiya wayam. Shi ya koya mini."

Wannan ce ta soke ta, don gaskiya ce. Da wannan doka Abarshi ya gina duk abin da ya gina. Motarsa ba ta taɓa zuwa wuri ta dawo babu komai ba, ko itace ne, ko taki, ko tukwane. Ranar da aka kai kayan auren Liya ma, a kan buhunan gishiri aka ɗora su, don gishirin hanyarsu ɗaya, shi kuwa yana ta ba da labari yana dariya. Ya dasa abin a kan yaron nan tun yana ɗan ƙarami, ya yi ta ba shi ruwa, yau ga shi ya nuna. Haushi ya kama ta har na mamacin, ta kuma ji kunyar haushin.

Ta so ta ci gaba da faɗa. Ta so ta kifar da teburin, ta fita tsakar gareji ta tara masa jama'a. Amma ta dubi inuwar ƙofa ta ga yadda ta janye, ta tuna ɗakin da uban yake kwance, rufin kwano, babu iska. Duk maganar da za ta ƙara, a jikinsa za ta ƙare.

"Na ji," ta ce. "Amma ka shiga ka gan shi kafin a fito da shi. Tun da ya cika ba ka leƙa ɗakin ba."

"Zan gan shi a can, Yaya. Ai ba za a rufe ba sai na zo. Bari in aika wa mutanen tasha tukuna."

Haka aka fitar da Abarshi daga gidansa, ta ƙofar baya, ana waige-waige. Dogo da masu lodi suka ɗaga shi saman yashi, suka ja tamfol suka rufe. Dogo ya buɗe mata ƙofar gaba, ta ƙi ko kallonsa, ta kama katakon bodi ta haye sama ta zauna kusa da kan ubanta. Yashin ya riga ya ɗauki zafi, tana jinsa ta cikin zane.

Suka bi ta bayan kasuwa. Ga masu kura, ga 'yan kamasho, ga matan da ke soya ƙosai, rabinsu sun ci arzikin Abarshi, wasu shi ya fara ɗauko su daga ƙauye. Babu wanda ya miƙe, babu wanda ya cire hula, don babu wanda ya sani. Wani ma ya ɗaga mata hannu yana dariya, yana tambaya ko yanzu ita ce karen motar. Ta dafa tamfol ɗin da hannu ɗaya don kada iska ta ɗage shi, ta cije leɓe. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji jikin ya motsa a ƙarƙashin hannunta, kowane rami kuwa sai ta tsine wa Albarka a zuci. Ba ta yi kuka ba, fushin bai bar masa wuri ba.

A Samaru Dogo ya karya kan mota ya shiga filin gini. Wuri ne cike da hayaniya, ga birkiloli a kan katakai, ga masu kwaɓa siminti. Tun kafin ya kashe inji leburori suka taso da shebur, biyu har sun kama bodi za su hau.

"Kada wanda ya hau!" in ji Liya.

Suka yi turus. Dogo ya zagayo da sauri, ya ɗago kai yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki yi haƙuri. Mu sauke shi a hankali mu kai gindin bangon can, a ce kaya ne. Yanzu-yanzu za su gama."

"A ƙasa? Gindin bango, wajen da suke fitsari?"

"To yaya za a yi? Da lodin nan ba ta iya hanyan ƙauye, a rafi za ta kafe."

Foman ɗin wurin, wani Inyamuri mai suna Uzodinma, ya iso yana faɗa da Hausarsa ta Sabon Gari, yana tambaya me ya sa ba a fara saukewa ba, kuma mene ne mace take yi a kan yashinsa. Ya nuna tamfol da sandar hannunsa. "Wancan kuma mene ne?"

Dogo ya buɗe baki zai yi ƙarya. Liya ta riga shi. Ta miƙe tsaye a kan yashin, ta kama bakin tamfol da hannu biyu ta fizge shi ta wurgar ƙasa. Farin saƙin ya bayyana a rana.

"Mai motan ne," ta ce, da ƙarfi yadda na kan gini ma za su ji. "Abarshi ne. Ya rasu da asuba. Ɗanshi ya ce a kawo muku yashi tukuna, don kada aikinku ya tsaya."

Wani shebur ya suɓuce wa mai shi ya faɗi. Uzodinma ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya dubi Dogo daga sama har ƙasa, irin kallon da ya fi mari ciwo, sannan ya ce babu wanda zai sa shebur a motar nan muddin mutumin yana kai, kuma ba a filinsa za a ajiye gawa a ƙasa ba.

Yawancin leburorin nan manoma ne na ƙauyukan kewaye, bazara ce ta kawo su neman na gishiri kafin ruwa ya sauka. Wani mai furfura a cikinsu ya matso ya tambaya ko Abarshin Tudun Kanya ake nufi. Aka ce masa shi ne. Ya je ya zaro gora biyu daga cikin waɗanda ake kafa wa magina, wasu suka kawo guntayen katako da igiya, nan da nan suka haɗa makara. Uzodinma yana kallo ana kwashe masa ma'aikata da tsakar rana, ya kau da kai ya ce su tafi, shi bai ga komai ba.

Da aka sauko da gawar, Dogo ya tsaya tsakanin mota da makara, yana duban wannan yana duban waccan.

"In gadin yashi za ka yi, ka zauna," in ji Liya. "Ba ni na ɗauke ka aiki ba."

Ya bar ƙofar motar a buɗe, ya je ya sa kafaɗa a goran gaba.

Tafiya ce mai nisa a irin wannan rana. Suka bar babban titi suka yanki gonaki, busassun kunyoyi suna karya ƙafa, ana karɓa-karɓa. Duk rugar da suka wuce, duk gidan gona, sai a fito a tambaya wane ne, in an faɗa sai wasu su bi baya. Liya tana biye da makarar, takalminta ɗaya ya tsinke ta yar da ɗayan. Ƙasa tana ƙona mata tafin ƙafa, ba ta ko rage sauri ba. Abin da take ji a ranta ya fi wannan zafi.

Rana ta karkata suka isa Tudun Kanya. An gama haƙa tun tuni a bayan gidan kakanni, mata suna ta kuka. Ɗanmaraya, ƙanen Abarshi, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya taso yana dogara sanda. Ya dubi makarar gora, ya dubi leburori da siminti a ƙafafunsu, ya dubi Liya ba takalmi.

"'Yata, ina motocin?"

"Ga mu dai mun iso, Baba."

"Ina ɗanshi?"

"Yana tafe."

Tsohon ya ba da izini. Aka saukar da Abarshi cikin rami, aka buɗe masa fuska. A al'adar gidan, ɗa namiji shi ne yake yi wa uba kallon ƙarshe, shi yake ja mayafi ya rufe fuskar, shi yake zuba ƙasar farko. Wanda bai yi wa ubansa haka ba, har ya tsufa ana nuna shi da baki. Don haka Ɗanmaraya ya ce a ɗan dakata, aka kara tabarma a bakin ramin don inuwa, jama'a suka zauna jira.

Liya ta zauna a gefe, ta yi niyyar yin shiru. Cikinsu ɗaya, ita ta goye shi yana jariri, kuma abin da ya faru a Sabon Gari ba dole ne ƙauye ya ji ba. Uban ya iso gida, ai shi ke nan. Tana cikin lallashin zuciyarta haka sai aka ji ham ɗin mota daga wajen rafi.

Kowa ya juya. Can a tsallake, tana gangarowa a hankali, sabuwar mota ce, koriya shar, an goge ta tana walƙiya. An jera benci a bayanta, cike da manyan tasha cikin manyan riguna, da 'yan kasuwa, har da Iya Bukola da ɗaurin kallabinta. Albarka ya kwaso su ne su zo su ga yadda ake binne mai motoci shida. Motar ta tsallake rafin lafiya lau, ko tangal-tangal ba ta yi ba.

Liya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta je gaban Ɗanmaraya ta durƙusa.

"Baba, ka tambaye ni ina motocin. Ga ɗaya nan. Da safe tana tsaye a gida, na roƙa, aka ce Babanmu zai ɓata ta. A kan yashi ya fito, a ƙarƙashin tamfol, ta ƙofan baya kaman kayan sata. A Samaru aka ce a ajiye shi gindin bango a sauke lodi. Tambayi mutanen nan."

Tsohon ya dubi mai furfurar nan, shi kuwa ya gyaɗa kai. Ya dubi Dogo, Dogo ya rufe fuska da hula.

"Me kike so a yi, 'yata? Kin san abin da kike nema?"

"Na sani. A rufe."

"Ba ya gyaruwa in an yi."

"A rufe, Baba."

Ɗanmaraya ya daɗe yana kallon motar da ke hawowa. Sannan ya miƙa wa wani sandarsa, aka riƙe shi ya sauka cikin ramin da ƙyar. Da hannunsa ya ja saƙin ya rufe fuskar wansa. Aka fito da shi, aka jera itace, ya damƙi ƙasa ya zuba, ya ce wa matasa su ci gaba.

Motar ba ta gama tsayawa ba Albarka ya diro. Ya hango fartanyu suna aiki, ya sheƙo a guje, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba, yana ihu a dakata. Babu wanda ya dakata. Da ya iso ramin ya kusa cika. Ya faɗi a gwiwa yana tona ƙasar da yatsu, maza biyu suka riƙe shi suka ja baya, baƙinsa kuwa suna tsaye cirko-cirko a bayan mota, an rasa mai saukowa.

"Yaya!" ya ce, yana kuka kamar yaro. "Yaya, ban gan shi ba! Ko fuskanshi ban gani ba!"

Tausayinsa ya taso mata, ta danne shi.

"Tun asuba fuskan nan take a buɗe, Albarka, bango ɗaya ne tsakaninta da teburinka."

Ta karɓi fartanya daga hannun wani saurayi, ta ja sauran ƙasar da kanta. Sai a lokacin kukan ya zo mata.